Ragowar fulawa mai tashi da kanta: yadda na ƙarar da ita ba tare da sukari ba

Fulawa mai tashi da kanta, wato wadda ake sayarwa an riga an gauraya ta da bekin foda tun daga masana'anta, galibi don kek ake sayenta. A ɗebi abin da kek zai ci, a naɗe bakin jakar, a cusa ta can ƙuryar kabad, shi ke nan an manta da ita. Tawa babbar jaka ce, ko rabi ba a ci ba, ga shi kuma a lokacin duk gidan babu mai marmarin kayan zaƙi. Zubar da abinci ba ya cikin tsarina, kyautar da jakar da aka riga aka buɗe kuwa ba ta yi mini fasali ba. Sai na yanke shawarar zan ƙarar da ita a girkin gishiri zalla, ko ƙwayar sukari ba za ta shiga ba.

Kafin in kunna wuta sai da na binciki fulawar kanta, domin ba irin wadda ake ajiyewa a saki jiki ba ce. Bekin fodar da ke cikinta haɗin abu biyu ne: soda, wadda masana ke kira sodiyam bikabonet, da wani gari mai tsami, yawanci daga dangin fosfet. Muddin suna bushe, zaman lafiya suke yi, babu mai taɓa wani. Da ruwa ya shiga tsakaninsu sai su fara fitar da iskar kabon dayoksaid, kuma ƙananan kumfar wannan iska ne ke kumbura kwaɓi. To amma ba sai an zuba ruwa da hannu ba. Laimar da ke yawo a iska ma tana kutsawa cikin jakar da aka buɗe, ta riƙa cin ƙarfin fodar kaɗan-kaɗan, har a wayi gari fulawa tana nan fara fat amma ba ta da sauran kataɓus.

Na fara da shinshinawa. Fulawa mai kyau kusan ba ta da wani wari. Idan ta fara warin rima ko na tsohon mai, magana ta ƙare, sai kwandon shara. Tawa lafiya lau. Na tankaɗe ta da rariya mai laushi don in ga ko ƙwari sun shiga, tankaɗen kuma yana sake rarraba fodar a ko'ina ya fasa inda ta dunƙule. Sannan na ɗebi cokali ɗaya na zuba a rabin kofin ruwan zafi. Ba ta tashi fuu irin yadda tsurar bekin foda take yi, tunda fulawa ce ta fi yawa a ciki. 'Yan ƙananan ƙwayoyi ne za ka ga suna tasowa suna fashewa a gefen kofin. Wannan bai gama gamsar da ni ba, sai na kwaɓa cokali biyu da ɗan ruwa na ɗiga a kasko mai zafi. Ta kumbura nan take, da na tsaga na ga cikin duk huji-huji. Da ta kwanta ba ta motsa ba ma, ba zubarwa zan yi ba. Ma'aunin da aka saba shi ne cokalin shayi 2 na bekin foda ga kowane giram 150 na fulawa zalla, wadda ta yi rauni kuwa rabin haka ya isa ya farfaɗo da ita.

Na kuma karanta bayan jakar saboda gishiri. Irin ta Amurka da gishirinta take zuwa, irin ta Ingila kuwa yawanci babu. A kek wannan ba wani abin damuwa ba ne, amma a girkin da za a zuba cuku ko romon da ya riga ya ji gishiri, rashin dubawa na iya ɓata tukunya guda. Tawa babu gishiri a ciki, duk da haka na riƙa sassauta hannu, domin ita kanta bekin foda tana ɗauke da sodiyam.

Abin da ya ƙara mini ƙwarin gwiwa shi ne tun asali ba don kek aka ƙirƙiro ta ba. Wani mai gidan burodi a birnin Bristol na Ingila, Henry Jones, shi ya yi rajistar mallakar wannan fasaha a 1845, kuma matuƙan jiragen ruwa ne a ransa. A zamanin busasshen biskit mai taurin tsiya suke ci wata da watanni a kan teku, shi kuwa so yake su iya gasa sabon burodi ba tare da wahalar renon yis ba. Sai da ya kwashe kusan shekara 10 yana fama kafin rundunar sojan ruwan Birtaniya ta karɓa. Ke nan abin da nake shirin yi mayar da ita gidansu ne kawai.

Ƙa'idar da na bi har jakar ta ƙare guda ce: komai ya kasance a shirye kafin ruwa ya taɓa fulawa. Kwaɓin yis haƙuri yake so, a murza, a rufe, a tafi a dawo. Wannan kuwa da ta jiƙa ta fara aiki, ba ta jiran kowa. Yawancin bekin fodar yanzu sau biyu take tashi, wani kaso idan ta ji ruwa, sauran idan ta ji zafi, don haka hutun minti 10 ko 15 ba ya kashe ta. Amma ba a kwaɓa ta da safe don girkin dare. Albasa ta kasance an yanka, kasko ya yi zafi, oben ya kai inda ake so, sannan a ɗauko ruwa. Kuma ba ta son yawan murza. Furotin ɗin alkama idan ya jiƙa aka yi ta juya shi sai ya zama gulutin, wannan danƙon da ke riƙe burodi. Yis yana da sa'o'in da zai yi ta tura danƙon a hankali har ya miƙe. Kumfar bekin foda ba ta da wannan lokacin. Danƙo ya yi yawa sai ya danne ta, abin ya fito da tauri.

Burodin kasko na fara yi, kuma shi ya fi cin fulawar don na yi ta maimaita shi. Kayan haɗinsa ba su taka kara sun karya ba: fulawa giram 250, yogot mara sukari kamar giram 200, gishiri rabin cokalin shayi. Idan yogot ɗin mai kauri ne sosai, nauyinsa na iya kai na fulawar. Idan tsararo ne sai a rage. Shi ya sa ban juye duka lokaci guda ba, na riƙa zubawa ina juyawa da cokali har garin ya haɗe ya bar jikin kwano. Daga nan na sa hannu na tattara shi, na ɗan danna na ninka na kamar minti ɗaya, iyakar abin da zai sa ya yi sumul. Yana ɗan manne wa yatsu, kuma haka ake so. Jarabar da ke kama mutum a nan ita ce ya yi ta barbaɗa fulawa har kwaɓin ya daina kama hannu, alhali duk cokalin da aka ƙara laushin burodin ake ragewa. Na rufe shi da kwano na bar shi minti 10, wannan hutun ne ke sa ya yarda a murza shi ba tare da ya riƙa komawa baya ba.

Yogot ba ruwa kawai yake bayarwa ba. Tsaminsa yana ƙara zuga sodar da ke cikin fulawar, kitsensa kuma yana tausasa kwaɓin, sannan ya ba burodin ɗan ɗanɗanon da za ka rantse an bar shi ya kwana. Na raba shi gida 6, na murza kowanne ya yi faɗin tafin hannu biyu, kaurinsa bai wuce milimita 3 ba. Kaskon busasshe ne, ba mai, kuma sai da ya yi zafin da ɗigon ruwa ke tsalle a kai. Da na shimfiɗa na farko, na ɗan lokaci babu abin da ya faru. Can sai fuskarsa ta fara dusashewa, ƙananan ƙuraje suka ɓullo nan da can, biyu suka haɗe suka zama babba, babban ya ci gaba da hawa yana ture na kusa da shi. Na ɗaga gefe na leƙa, ƙasan ya yi ɗigo-ɗigon ruwan ƙasa, wasu har sun kusa baƙi. Na juya shi. Gefe na biyu bai kai minti ɗaya ba. Ina saukewa na shafe shi da narkakken bota da na daka wa tafarnuwa, na sa shi cikin tsumma mai tsabta na rufe. Wannan rufewar ba ado ba ce: tururin da suke fitarwa idan an jera su a kan juna shi ke sa su yi laushi har a iya naɗe nama ko ƙwai a ciki ba su karye ba.

Da kwaɓin nan na yi wasu abubuwan. Wani lokaci na cusa masa dafaffen dankali da na murƙushe da albasa da barkono, na tsuke bakin, na sake murzawa a hankali. Wani lokaci kuma na gasa gefe ɗaya, na juya, na shafa tumatir da cuku a kai na rufe kaskon har ya narke. Ba fizar gidan abinci ba ce, ɓawonta bai da wannan jan na yis, amma cikin minti 20 yara sun ci sun ƙoshi.

Wanda ya fi burge ni shi ne dunƙulen fulawa da ake jefawa a kan naman da ke dahuwa cikin romo, abincin da mutanen Birtaniya suka daɗe suna yi da irin wannan fulawa a lokacin sanyi. Ma'auninsa mai sauƙin riƙewa ne: fulawa kashi biyu, kitse kashi ɗaya. Na auna giram 100 na fulawa da giram 50 na kitsen da ke jikin ƙodar saniya, na yanka shi mitsi-mitsi bayan ya yi sanyi a firji. An fi son wannan kitsen ne saboda ba ya saurin narkewa. Bota tun a hannu yake fara sakin jiki, shi kuwa kitsen ƙoda sai zafi ya kai wajen digiri 45 zuwa 50. Kafin ya narke kwaɓin ya fara kama jikinsa, saboda haka kowane ɗan gutsure yana barin rami a inda ya zauna. Wanda bai da shi zai iya daskarar da bota a firiza ya gurza shi, na gwada hakan ma ya yi, sai dai bai kai wancan sakayau ba. Na zuba gishiri kaɗan, masoro, da yankakken ganyen albasa, sannan ruwan sanyi kamar babban cokali 5. Da wuƙa na juya, ba da hannu ba, don kada ɗumin hannu ya narkar da kitsen. Da ya haɗe na cura shi gida 8, ban matse ba, iyaka dai kada ya warwatse.

Naman ya riga ya yi laushi, romon ya yi kauri, na rage wuta har ya koma zaɓalɓala a hankali. Wannan wajibi ne, domin tafasa mai ƙarfi dagargaza su take yi su koma kunu a cikin romo. Na jera su a sama, rabin jikinsu a romo rabi a waje, da tazara tsakaninsu don sai sun ninka girmansu. Na rufe tukunya na duba agogo: minti 20. Ƙasansu romo ne ke dafawa, samansu kuwa tururin da ke tsare a ƙarƙashin murfi, don haka duk buɗewar da aka yi zafin da suke buƙata ake kora, sai su sacce su yi nauyi. Ƙanwata da ke taya ni aiki ta kasa haƙuri, ta miƙa hannu.

"Yaya, bari in leƙa ko sun nuna."

"Kul, ƙyale murfin nan. Idan kin buɗe ke za ki cinye su ke kaɗai."

Da lokaci ya cika na ɗaga murfin, sun cika fuskar tukunyar sun manne da juna, babu ko inda za a hango nama. Na ɗauko ɗaya na tsaga da cokula biyu. Cikinsa fari ne, a bushe, yana tururi, ƙasansa kuma ya sha romo ya yi ja. Da tsakiyar ta yi danƙo ko launinta ya yi duhu, da sai in mayar da murfi na wasu mintuna. A wani girkin da na yi a tukunyar da ke shiga oben, na cire murfin a ƙarshe na bar su minti 10 a ciki, samansu ya gasu ya yi ɓawo. Ni dai na fi son na tururin zalla, amma gidan sun rinjaye ni.

Ƙullun suya kuwa nan ne fulawar ta fi nuna bambancinta da fulawa zalla. Giram 150 na tankaɗa a kwano da gishiri da garin barkono, na zuba ruwan soda, wato ruwan kwalba mai gas, mai sanyi ƙarara kamar mililita 200. A Ingila wasu da giya suke kwaɓa na kifinsu, ruwan soda kuwa yana yin aikin daidai, tunda kumfar ake nema. Sanyin yana hana gulutin saurin haɗuwa, kuma na bar 'yan gudaji a ciki da gangan, domin bugawa har ya yi sumul shi ke sa ɓawo ya yi roba. Kaurinsa dai ya rufe bayan cokali, idan an ɗaga ya zubo zara-zara. Ban haɗa shi ba sai da mai ya yi zafi. Digiri 180 ake so. In babu ma'auni, a ɗiga ƙullu kaɗan, idan ya nutse ya taso nan da nan da kumfa a jikinsa to ya yi. Idan ya zauna a ƙasa man bai yi ba, abin zai sha mai. Idan ya yi baƙi kafin ka ƙifta ido, an wuce gona da iri.

Kifi na fara soyawa, daga baya albasa da aka yanka zobe-zobe da yankan kabewa. Kowanne sai na goge shi ya bushe, na birkiɗa shi a busasshiyar fulawa, na kakkaɓe, sannan ya shiga ƙullu. In ba haka ba ƙullun zamewa yake yi ya bar kifin tsirara a cikin mai. Na riƙa sakawa kaɗan-kaɗan don kada zafin man ya faɗi. Ɓawon yana kumbura yana rabuwa da naman kifin, kifin kuma yana dahuwa da tururinsa a ciki. Launin ma da sauri yake zuwa, domin soda tana hanzarta jan da abinci ke yi a wuta. Na tsame su na jera a kan raga maimakon faranti, don kada ƙasansu ya jiƙe da tururi. Irin wannan suya ba ta jiran baƙo ya iso. Minti 10 bayan saukewa garas-garas ɗin ya fara tafiya. Ƙullun da ya rage bayan ɗanyen kifi ya shiga cikinsa zubarwa na yi, ba a ajiye shi.

Ranar da firji ya tara guntattakin kayan lambu, rabin kabeji, karas biyu da suka fara yaushi, da ɗan ƙwayar masara, sai na haɗa su suyar cokali. A nan kayan lambun ne masu gida, fulawa 'yar rakiya ce. Na gurza su, na barbaɗa gishiri, na bar su suka tsatso ruwansu, na zuba a tsumma na matse iya ƙarfina. Ruwan da ya fita ya kusa rabin kofi, kuma da ya zauna a ciki da tsakiyar ba za ta taɓa nuna ba. Ƙwai ɗaya, fulawa babban cokali 4 ko 5, albasa, barkono, na juya har komai ya riƙe juna. Don in ji ko gishiri ya yi, ɗan kaɗan na soya na ɗanɗana. Ba na lasar ɗanyen ƙullu, ko da babu ƙwai a ciki, domin fulawa ɗanyen abu ce da ba a dafa ba tun daga gona, tana iya ɗaukar ƙwayoyin cuta sai wuta ta kashe su. Na riƙa ɗiba da cokali ina sakawa a kasko mai ɗan mai, ina danna su su baje, minti 2 zuwa 3 kowane gefe a matsakaiciyar wuta.

Sikon mai cuku, wato ɗan ƙaramin burodi mai laushi da ake gasawa a oben ba tare da yis ba, shi ne ya fi neman natsuwa. Fulawa giram 225, bota mai sanyi giram 55, gurzajjen cuku mai ƙarfin ɗanɗano kamar giram 100, madara kusan mililita 150, da ɗan garin mastad, wani kayan yaji wanda ke fito da ɗanɗanon cukun ba tare da an ji shi ba. Oben na fara kunnawa a digiri 220. Na murtsuka botan cikin fulawa da kan yatsu, ina ɗagawa ina saki, har ya koma kamar yashi mai laima, da 'yan gutsattsarin bota da ban bi na murƙushe ba. Na zuba cuku na ajiye kaɗan na sama, na tsiyaya madara ina juyawa da wuƙa. Kwaɓin da ya fito ba kyakkyawa ba ne, duk tsage-tsage, kuma ban yi ƙoƙarin gyara shi ba. Da tafin hannu na danna shi ya yi kaurin santimita 2 da rabi. Mutane da yawa a nan suke asara, su murza shi siriri suna zaton zai tashi ya rama, alhali wanda ya shiga oben a kwance a kwance yake fitowa.

Wajen yankawa na tsoma bakin kofi a fulawa, na danna shi tsaye na cire tsaye. Murɗawa tana liƙe gefen, sai ya tashi a karkace ko ya ƙi tashi sam. Na shafa madara a samansu kaɗai ban bari ta gangaro gefe ba, na barbaɗa sauran cukun, suka yi minti 12 zuwa 15. Sun fito da tsaga a ƙugunsu, inda ake raba su biyu da hannu ba sai da wuƙa ba. Guntayen da na sake haɗawa na yanka ba su kai na farko tsayi ba, haka kuma abin yake kullum, tunda sun sha hannu sau biyu. Rabin waɗanda na yanka ban gasa ba, na jera su a tire na daskarar a firiza, sannan na juye a leda. Daga firiza suke wucewa oben kai tsaye, a ƙara musu 'yan mintuna kawai. Wannan ita ce hanya ɗaya da na samu ta kwaɓa fulawar nan yau a ci wani makon, domin sanyi yana tsayar da aikin fodar cak.

Na kuma yi dunƙulallen burodi irin wanda makiyaya da matafiya a dazukan Ostareliya suke gasawa cikin tokar wuta, wanda suke kira damfa. Fulawa, gishiri, ɗan bota, da madara da aka surka da ruwa, a tattara a cura, a tsaga samansa giciye da wuƙa don zafi ya kai tsakiya. Nawa a oben na gasa, digiri 200 na kamar rabin awa, har na ƙwanƙwasa ƙasansa na ji ya amsa. Da zafinsa da bota da miya ba a magana. Washegari kuwa ya yi tauri, don burodin da ba na yis ba bai iya kwana, sai na yayyanka shi na gasa a kasko aka ci da ƙwai.

Akwai wuraren da ban ma kai ta ba, don na san ba hurumin ta ba ne. Burodin yis yana son fulawa mai ƙarfi, wadda furotin ɗinta ya kai kashi 12 cikin 100 ko fiye, ita kuwa wannan yawanci daga alkama mai laushi ake yin ta, nata bai kai haka ba. Taliyar murji kumbura za ta yi a ruwa ta saki jiki. Ɓawon fai (kwaɓin da ake lulluɓe nama ko kayan lambu da shi a gasa) siriri mai karyewa ƙas ma ba ya samuwa da ita, sai dai mai kauri mai laushi, wanda shi ma yana da masoyansa. Idan kuma aka ɗauko tsarin girkin da aka rubuta don fulawa zalla, dole a tsallake layin bekin foda da ke ciki. Ninka ta yana sa abu ya tashi da sauri ya faɗi, ya bar wani ɗaci-ɗaci mai kama harshe wanda babu kayan ƙamshin da ke rufe shi.

Ɗan abin da ya rage a gindin jaka, wanda bai isa kwaɓi ba, a kaurara miya ya tafi. Na narka bota babban cokali 2, na zuba fulawa daidai shi, na yi ta juyawa a ƙaramar wuta na minti 2 don warin ɗanyen gari ya fita. Da na fara tsiyaya madara ta yi kumfa fiye da yadda fulawa zalla take yi, ta taso kamar za ta zube, sai na ɗaga tukunyar daga wuta na ci gaba da juyawa har ta lafa. Bayan nan babu wani bambanci, ta yi kauri sumul, na zuba mata cuku da masoro na kwarara a kan dafaffiyar taliya. A cokali biyu ko uku ba a jin ɗanɗanon fodar ko kaɗan, amma ga babbar tukunyar da za ta ci fulawa da yawa, gara a nemo zalla.